Microsoft Da Masu Sayar Da Kayansa: Ciniki Ne Ko Bauta?

Duk wanda ya taɓa sarin goro a Shagamu ko dillancin shanu a Ikko ya san cewa mai kaya yana da iko a kan kuɗin kayansa, amma ba shi da ikon hana abokin cinikinsa leƙa rumfar maƙwabci. Wannan ƙa'ida ce kamfanin Microsoft na Amurka ya tattake shekara da shekaru, don haka ya kamata 'yan kasuwa su san labarin.

Kafin 1994 kamfanin yakan ƙulla yarjejeniya da masu ƙera kwamfuta su biya shi lada a kan kowace na'ura da suka fitar, ko sun sa mata manhajarsa ta MS-DOS ko ba su sa ba. Watau wanda ya ɗauki manhajar wani kamfani sai ya biya sau biyu. Ina ɗan kasuwar da zai yarda da wannan hasara? Sai da Gwamnatin Amurka ta sa baki, sannan kamfanin ya yarda ya bar wannan dabara a 1994.

Amma hali zanen dutse. A 1995 IBM ya ƙi ja da baya da kayansa masu gasa da na Microsoft, sai aka ja masa rai, bai sami izinin Windows 95 ba sai saura minti 15 a yi bikin fitar da ita. A 1996 kuma aka yi wa Compaq barazanar ƙwace izininsa saboda ya cire alamar Internet Explorer daga fuskar na'urorinsa. In manyan giwaye sun sha wannan wulaƙanci, ina ga ƙaramin mai kanti?

Masu kare kamfanin suna cewa ba a yi wa kowa dole ba. Wannan magana ba ta da tushe. A lokacin fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan na'urori da Windows suke aiki, wanda aka hana shi kuwa an rufe masa shago ke nan. Mai saye shi ma ya cutu, gama an zaɓar masa tun bai shiga kasuwa ba.

A 1998 Gwamnatin Amurka da jihohi 20 suka kai ƙara. A 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya ce a raba kamfanin gida biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001, amma ta tabbatar da laifin babakere. A 2004 Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 497.

Abin lura a nan shi ne, ba tausayi ne ya sassauto da kamfanin ba, doka ce. Nijeriya ma tana da hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ta ci kamfanin Meta tarar Dala miliyan 220 a 2024. Saboda haka wajibi ne masu sayar da waya da kwamfuta, daga kasuwar Ikeja har Fatakwal, su karanta kowace takarda kafin su sa hannu. Duk sharaɗin da ya hana su sayar da kayan wani, su haɗa kai su kai ƙara. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.