Makokin da Ba a Shimfiɗa wa Tabarma

A ƙasar Adar ba a barin mai rashi shi kaɗai. Idan aka yi rasuwa a Tamaske, kafin a gama wanka da sutura labari ya kai Keita da Buza da Madawa, waya ta kai shi Kano da Abijan. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta su ɗora tukunya, jama'a su yi ta shigowa suna cewa "ya haƙuri?" Sai sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Matar mamaci ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, kowa ya san matsayinta, ya san ranar fitarta. Tsari ne mai kyau, kuma ban ga abin da zai maye gurbinsa ba.

Amma akwai rashin da wannan tsari bai tanadar wa komai ba. Kowa ya san Adarawa da tafiya biɗa. Da an gama girbi matasa sun kama hanya, wasu Najeriya, wasu Kwaddibuwa, wasu su bi ta Agadas su nufi Libiya ko Aljeriya. Mafi yawa suna dawowa, ko su yi aike. Wasu kuwa waya ce ke daina shiga, shi ke nan. Hamada ba ta ba da shaida. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Su an gan su, an ƙirga su, an binne su. Waɗanda ba a gani ba fa?

Gidan da ɗansu ya ɓata ba a zuwa musu ta'aziyya, domin wa zai fara cewa ya mutu? Ba a kuma taya su murna. Uwa tana zabura duk lokacin da baƙuwar lamba ta kira. Uba ya yi shiru, a zuciyarsa ya riga ya yi wa ɗan addu'ar mamaci, amma ba zai iya faɗa a gaban uwar ba. Matar kuwa ba ta da miji, ba ta zama bazawara ba. In ta yi kwalliya a ce ta manta da shi, in ta yi kuka a ce tana yi masa fatan mutuwa. Yara suna tambaya, ana ce musu baba yana nan zuwa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a irin wannan gida daren yakan kai shekaru.

Masu jinyar damuwar iyali sun daɗe da gane wannan ciwo. Wata malama a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Pauline Boss, ta fara nazarinsa a shekarun 1970 tare da iyalan sojojin sama da suka ɓata a yaƙin Biyetnam, ta kira shi rashi mai shubuha, wato rashin da ba a tabbatar ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 ta zauna da iyalan da ba a ga gawar mutanensu ba a birnin New York. Abin da ta koyar ba ƙwaya ba ne, ba allura ba, kuma abubuwa ne da Bahaushe zai gane nan take.

Na farko, a tara gidan wuri ɗaya a ba ciwon suna. A gaya musu cewa ruɗewar da suke ciki ba taɓin hankali ba ne, ba raunin imani ba ne, halin da suka tsinci kansu ne mai ruɗarwa. Na biyu, a bar kowa da nasa zaton. Uwa ta ce yana raye, ƙane ya ce ya rasu, kuma ba a tilasta wa ɗaya ya bi ɗaya. Ana koya musu su riƙe biyun tare: wataƙila yana nan, wataƙila ba ya nan, mu kuma dole mu ci gaba da rayuwa. Na uku, a sake raba nauyi a fili. Wa zai noma gonarsa, wa zai kula da lambun albasa, wa zai tsaya a matsayin uba ranar auren ɗiyarsa? Yawan rigimar da ke raba suruka da matar ɗanta a nan take farawa, domin ba wanda ya zaunar da su aka yi maganar.

Na san abin da wani zai ce: wannan aikin Turawa ne, mu muna da haƙuri da yarda da ƙaddara. To, mu tuna da Annabi Yaƙub. Riga aka kawo masa, bai ga gawar Yusufa ba. Ya yi haƙuri, kuma ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, bai kuma yanke ƙauna ba. Haƙuri da hawaye a zuciya ɗaya suka zauna. Matsalar tana wajenmu, da muka mayar da "yi haƙuri" murfin rufe bakin mai magana. Na sha ganin mace ta buɗe baki za ta faɗi abin da ke cinta, kafin ta kai ƙarshe mutum uku sun ce mata ta bar wa Allah. Ta riga ta bar wa Allah. Abin da take nema wanda zai saurare ta ne.

Malaman fiƙihu ma ba su bar wannan mace a rataye ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar wanda ya ɓata tana da damar kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a ɗiba mata shekara huɗu, sannan ta yi iddar mutuwa ta yi aure in tana so. Idan bai bar mata abin ci ba, tana iya neman a raba auren tun kafin nan. Mata nawa ne a ƙauyukanmu aka taɓa karanta wa wannan? Kunya da tsoron bakin dangin miji suna hana ta tambaya, liman kuma yana jiran a tambaye shi.

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, akasarinsu kuma suna Yamai, don haka ba zan ce mu jira su ba. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya fuskanci irin wannan ƙarancin a Harare, sai ya horar da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna aikin yana rage wa mutane ciwon damuwa ƙwarai. Tsofaffi masu riƙe sirri ba mu rasa su ba a Tamaske. Akwai ungozoma, akwai malaman Islamiyya mata, akwai gwaggon da ake kira in aure ya rikice. Horo kaɗan suke buƙata: yadda ake saurare ba tare da yanke hukunci ba, da yadda ake gane wanda abin ya fi ƙarfinsa, ya daina ci da barci ko yana ambaton halaka kansa, a kai shi asibiti.

Ina roƙon limamai su ware huɗuba guda a kan hukuncin wanda ya ɓata da haƙƙin matarsa. Ina roƙon ofishin magajin gari da masu unguwanni su rubuta sunayen waɗanda aka daina jin ɗuriyarsu, su haɗa iyalan da ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj, wadda ke da sashen neman dangin da suka ɓata. Ƙungiyoyin ƴan Tamaske mazauna waje, da ke tara kuɗi in an yi rasuwa, su sa waɗannan gidaje a lissafi.

Kai kuma mai karatu, ka san gidan da nake nufi a unguwarku. Ba sai ka ce ya mutu ba, ba sai ka ce zai dawo ba. Ka je ka gaida mahaifiyarsa, ka ambaci sunansa, ka tambaye ta yaushe rabonta da jin muryarsa, sannan ka yi shiru ka bar ta ta faɗa. Allah ya bayyana waɗanda ke raye, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sanyaya zukatan masu jira.