Tsohuwar Kwamfutar Malamina Da Rubutun Hausa Da Muke Sayarwa A Kan Sikeli

A bazarar da ta gabata na shafe kusan mako uku ina zarya tsakanin ofishina da wani ɗan ƙaramin shagon gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi, ina neman a ɗora wa wata na'ura babbar manhajar nan ta Windows 98, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 1998, ya kuma janye hannunsa daga kula da ita tun watan Yulin 2006. Abokan aikina da suka ji labari sun yi mini dariya son ransu. Ban ga laifinsu ba, domin mutumin da ya yi digiri na uku a kimiyyar harshe, a tarar da shi tsugune gaban akwatin ƙarfe mai tsatsa yana hura ƙura, ai dole a tambayi lafiyarsa. To amma abin da idona ya gane mini a waɗannan makonni shi ya sa na ga wajibi ne in ja hankalin masu karatu, musamman waɗanda Allah ya ɗora wa nauyin ofisoshi da makarantu da maɗaba'u a wannan yanki namu.

Na'urar ta wani malamina ce da ya koya mini Hausa a sakandare, mutumin Argungu, Allah ya jiƙansa. Bayan ya yi ritaya ya duƙufa wajen tattara kalmomin Sarkawa, yana bin tsofaffin masunta a bakin Matan Fada da ƙauyukan fadama, yana rubuta sunayen kifaye da na kayan su, da yadda Kabawa ke furta kowace kalma. Duk wanda ya san shi ya san yana da wannan aiki, amma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a buga shi ba. Takardun da ya gurza a firinta gara ta gama da su. Da na je gaisuwa wata rana, sai uwargidansa ta sa aka fito mini da kwamfutar daga ƙarƙashin gado, ta ce da ni, “Ɗana, ga amanar malaminka nan. Yara na son su ba 'yan gwangwan, na ce sai ka gani tukuna.”

Mai gyaran da na kai wa yaro ne matashi mai basira. Yana kwance murfin ya dube ni ya ce, “Malam, wagga na'ura hwa ta girme ni.” A ciki mun tarar da ƙurar hunturu ta shekara da shekaru, har da gidan zanzaro manne a jikin fanka. Abu na farko da muka yi, kuma shi ne shawarata ga duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali, shi ne ba mu kunna ta ba. Mun zare rumbun ajiyarta muka jona shi da wata kwamfutar ta zamani, muka kwafe duk abin da ke ciki gaba ɗaya, muka ajiye kwafi biyu. Tsohon rumbu kamar tsohon jaki ne, ba ka san a wace tafiya zai durƙushe ba, don haka tafiyar farko ita ake ɗora wa kaya mafi tsada.

Daga nan wahala ta fara. Akwatin da ke rarraba wa na'urar wuta ya ƙone, sai da muka samo wani a jikin wata gawar kwamfuta. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wanda ke riƙe mata lokaci da saituna, ya mutu tuntuni, shi ya sa duk lokacin da aka kunna ta sai ta manta ranar da ake ciki da ma irin rumbun da ke jikinta. Sai da muka sake shi. Muka sa mata wani rumbun na daban domin kada mu taɓa na asali, aka gyara ɗan maƙallin da ke bayansa mai nuna wane ne babba wane ne mabiyi a kan igiya guda, abin da yaron bai taɓa gani ba sai a ranar. Ita kuwa Windows 98 ba ta ɗoruwa daga filashi kamar na yau. Mun tayar da na'urar ne da faifan fulofi, aka yanka rumbun aka share shi da umarnin da ake bugawa da hannu a baƙin allo, sa'an nan aka koma kan faifan sidi. Neman fulofi mai rai kaɗai ya ci mana kwana huɗu, domin kamfanin Sony, wanda ke cikin na ƙarshe masu ƙera shi, ya daina tun 2011. Sau biyu ana ɗauke wuta muna tsakiyar aiki mu koma farko. Da ta tashi kuma, allon ya fito da launi 16 kacal, sai da muka tono manhajar da ke jan katin hoto daga cikin kwafin tsohon rumbun.

Mai karatu zai iya tambaya, tun da an riga an kwafe bayanan, mene ne na wannan doguwar wahala? A nan gizo ke saƙar.

Haruffan nan namu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Amma da kwamfuta ta shigo ofisoshinmu babu su a allon madannai, babu su kuma a cikin zubin haruffan da na'urar ke zuwa da su. Dabarar da aka yi a shekarun 1990 ita ce a ƙirƙiri zubin haruffa na musamman, a sadaukar da wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba a dasa namu a gurbinsu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi wa Hausa babbar hidima a nan da zubin da aka sani da Rabi'at da Abdalla, waɗanda marubuta da ɗalibai da maɗaba'u suka yi ta amfani da su. Sai dai ita kwamfuta a cikinta ba ƙ ta ajiye ba, alamar baka ta ajiye, zubin ne kawai ke yi mata riga. Da an cire zubin sai riga ta faɗi. Shi ya sa har yau za ka buɗe kundin digiri a intanet ka ga an rubuta }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya, ~arawo a maimakon ɓarawo. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin, ya fara fitowa tun 1991 kuma haruffanmu na cikinsa, amma an daɗe kafin ya isa teburin mai buga takardu a Birnin Kebbi ko Jega.

Idan da matsalar ta tsaya a haruffa shida, manya da ƙanana, da sauƙi: a nemo a musanya. Aikin malamina ya wuce nan. Shi mai nazarin furuci ne, yana nuna tsawon wasali da karin sauti a kan kowace kalma, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya bambanta gari na mutane da gari na tuwo, balle kalmar masunta da mai karatu bai taɓa jin an furta ba. Don haka wani ma'aikacin maɗaba'a ya gyara masa zubi nasa na kansa, inda aka cusa wasula masu alamomi a guraben da su biyu kaɗai suka sani. An kuma tsara shafukan a manhajar PageMaker, wadda fitowarta ta ƙarshe ita ce ta 7 a 2001, da irin zubin nan na Type 1 da kamfanin Adobe ya daina tallafa wa a watan Janairun 2023. Mun gwada a kwamfutocin zamani, abin da muka samu tarkacen alamomi ne. Bugu da ƙari, masana harshe na amfani da baka mai kusurwa wajen nuna furuci, ita ce kuma alamar da aka ara wa ɗ. Wani fayil da aka taɓa kai wa shagon buga takardu, mai shagon ya haɗe rubutun duka ya mayar da shi zubi ɗaya don ya yi kyau, shi ke nan ya hallaka shi: ba ka iya gane inda baka take baka da inda take harafi sai ka bi kalma bayan kalma.

Ranar da PageMaker ta buɗe a kan tsohuwar na'urar, shafin farko ya fito tsaf kamar jiya aka buga shi. Ga giwan ruwa, ga tarwaɗa, ga taru da birgi da gora, kowace da alamar sautinta da bayanin wanda aka ji ta daga bakinsa da ƙauyensu. Akwai kalmomin da ni kaina, da nake taƙama da nazarin karin harshen yamma, ban taɓa cin karo da su ba. Na daɗe ban ce uffan ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Littattafan Malam Abdullahi na Gwandu, irin su Tazyinul Waraƙati da Liya'ul Hukkami, an rubuta su da tawada da alƙalamin kara fiye da shekaru 200 da suka wuce, kuma duk almajirin da ya iya Larabci zai ɗauki kwafin hannu ya karanta yau ba tare da wuta ko batir ba. Rubutun da aka yi shekaru 25 kacal da suka wuce kuwa sai da mako uku da kanikanci da sa'a. Ba mu kaɗai abin ya taɓa shafa ba. A 1986 gidan BBC ya tattara bayanan rayuwar Birtaniya daga mutane kimanin miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan makaranta, domin cikar shekara 900 da rubuta kundin ƙidayar Ingila na 1086 da ake kira Domesday. An zuba su a faya-fayan zamani na lokacin. Zuwa 2002 na'urorin da ke karanta su sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka tashi tsaye kafin a ceto aikin, alhali kundin 1086 da aka rubuta a kan fata yana nan ana karantawa. Su sun ankara sun yi wani abu. Mu fa?

A tuna cewa an ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agustan 1991, wato tsarar kwamfutar ofis ce. Jawabai da rahotanni da rubutun shirye-shiryen rediyo, da kundayen ɗalibai, da littattafan firamare na Hausa, da ƙasidun bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, da yawansu a irin waɗannan na'urori aka buga su. Na taɓa shiga sito a wani ofis da ba zan ambata ba, na tarar da su jibge har rufi. Da na koma bayan 'yan watanni an yi gwanjonsu, kuma babu wanda ya iya gaya mini ko an duba abin da ke ciki. Mai sayen gwangwan ba ruwansa da tarihi, nauyi yake awo. Tun da kuma Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, wani sabon jerin na'urori zai gangara sito, ya turo na da zuwa kan sikeli.

Na san abin da masana kwamfuta za su ce, kuma da gaskiyarsu: akwai manhajojin da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura a cikin sabuwa, irin su DOSBox da VirtualBox, ba dole sai an tayar da gawa ba. Na yarda, mu ma daga baya can muka koma domin mu huta da fargabar tsohon ƙarfe. Amma kwaikwayo ba ya karanta faifan da ba ka da ramin sa shi, kuma manyan fulofi na farko sai da tsohuwar na'ura ko kayan aiki na musamman. Wasu kuma za su ce jihar da ke fama da ambaliya da ƙarancin azuzuwa ba ta da lokacin wannan. Ni ma ba na neman a ware wani kasafi mai kauri. Abin da muka kashe bai kai kuɗin abincin taron bita na yini ɗaya ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Kada wani ofis ko makaranta ya sake rattaba hannu a kan gwanjon kwamfuta sai an zare rumbunta an kwafe, an rubuta daga ina ta fito, an kuma tantance abin da ke na sirri. Manyan makarantunmu, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko da ɗaya daga cikinsu ce, ta keɓe ɗaki guda da tsofaffin na'urori biyu ko uku masu rai, ba a jona su da intanet ba, tare da faya-fayan manhajoji da duk wani zubin haruffan Hausa da aka taɓa amfani da shi. A haɗa ɗaliban kwamfuta da na Hausa su yi aikin tare, domin ɗayan ya san ƙarfe, ɗayan ya san inda ƙugiya ta dace. Duk abin da aka ceto a mayar da shi Unicode, a kuma gurza kwafi a takarda mai kyau. Gidan Tarihi na Kanta, wanda aka buɗe a 1958 a tsohuwar fadar Argungu, yana ajiye da makamai da kayan su na kakanni. Ban ga abin da zai hana sunayen waɗannan kaya da furucinsu su sami mazauni kusa da su ba. Mu malaman jami'a kuma mu fara da kanmu, kowa ya je ya duba kundin digirinsa ya ga ko yana buɗuwa. Nawa na farko sai da na yi masa irin wannan jinya.

Yanzu haka ni da ɗalibaina biyu muna kan harafin g, muna bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya muna kwatanta sabon rubutu da abin da tsohon allo ke nunawa. Inda muka yi shakka mukan ajiye har sai mun je Argungu mun tambayi dattawan da suka rage. Biyu daga cikin waɗanda malam ya ambata mun same su da rai. Ita kuwa na'urar tana nan a kusurwar ofishina an lulluɓe ta da zane, kuma na yi wa uwargidan malam alkawarin kwafin farko da zai fito daga maɗaba'a.