Guruf ɗin WhatsApp ba aji ba ne

1/ Mu faɗa wa juna gaskiya: yawancin guruf-guruf ɗin kwas a jami'o'inmu allon sanarwa ne kawai. "Yau babu lakca." "Jarabawa ranar Litinin." Shi ke nan. Ni dai ban kira wannan koyarwa ba. Ku biyo ni 🧵

2/ A Indiya, tun 2003 cibiyoyin IIT da IISc suka kafa NPTEL. Farfesa zai tsaya gaban kyamara ya koyar da kwas daga farko har ƙarshe, yau ga su a YouTube kyauta. Ko daga Gusau za ka kalla.

3/ A Amurka, Gilbert Strang na MIT ya yi ritaya a 2023, amma lakcocinsa na lissafi suna nan a YouTube. Malam ya tafi hutu, darasi bai tafi ba.

4/ Ba wai malamanmu ba su iya ba ne. A can jami'a ce ke ɗaukar nauyin kyamara da tacewa da adanawa. A nan lakcara ne shi kaɗai da wayarsa da datarsa, ga wuta babu.

5/ Data fa? Lokacin korona a 2020, MTN da Vodacom sun cire kuɗin data a shafukan karatu na jami'o'in Afirka ta Kudu. Mu a shekarar ASUU ta yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba, a 2022 ma wata 8. Da akwai lakcoci a ajiye, da ba mu yi zaman banza ba.

6/ Sai dai soshiyal midiya gidan haya ce. An rufe Twitter a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Duk abin da malami ya ɗora, a ajiye kwafinsa a shafin jami'a.

7/ Roƙona ga malamanmu, Allah ya ƙara girma: ku fara da saƙon murya na minti 10 bayan kowace lakca, ba ya cin data. Tambaya da amsa kuma a guruf, kowa ya gani. Ɗaliba ba sai ta bi malami ta bayan fage da daddare ba. Kariya ce gare ta, kariya ce gare shi.

8/ Shugabannin jami'a kuma, ɗaki ɗaya mai sola da kyamara a kowace tsangaya bai fi ƙarfinku ba. In akwai malaminku da ya riga ya fara, ku faɗi sunan tasharsa a ƙasa mu bi shi.