Masu gyara, ku kawo shaidarku

Tun daga teburin zane ake yanke wa waya kwanakinta. A can ake zaɓar ko batirinta zai ɗauru da ƙananan notuna ko a manne shi da gam, ko za a ci gaba da sayar da gilashinta bayan shekara biyar ko a ce ya ƙare a kasuwa. Ba a gayyatar mai saye wurin wannan shawara. Nasa biyan kuɗi ne, in ta mutu ya yar, ya sake laluben aljihu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 kaɗai duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tsoffin kayan nan kuwa mun san inda wasunsu ke sauka: tashoshin ruwan Legas da Tema, da sunan tokumbo.

Yau kusan kowane kamfani rantsuwa yake yi cewa kayansa masu ƙarko ne, ana gyara su, ana narka su a sake ƙera wasu. Tarayyar Turai ta bincika irin waɗannan iƙirari a 2020, ta tarar fiye da rabinsu kame-kame ne ko ɓatar da mai saye, kashi 40 cikin ɗari kuma ba su da hujja ko kaɗan. A shekarar ce Faransa ta ci tarar Apple yuro miliyan 25 saboda bai sanar da mutane cewa sabunta manhaja na rage wa tsoffin iPhone gudu ba.

To wa zai zauna ya karanta dubban shafukan rahotannin kamfanoni, ya tsince alkawari daga aiki? A nan ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Masu bincike a Zurik da abokan aikinsu sun horar da wata manhaja mai suna ClimateBERT ta bi rahotannin kamfanoni kan sauyin yanayi, ta kuwa gano cewa da yawansu daɗin baki ne da zaɓen abin da ya yi wa kamfani kyau. Hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ma da irin wannan na'ura take tace miliyoyin tallan intanet. Aiki ne mai kyau, ina goyon bayansa da zuciya ɗaya. Za a iya sa na'urar ta gwada kuɗin da kamfani ya kashe a talla da wanda ya kashe wajen sauya zanen kayansa, ta duba ko alkawarin bara ya cika bana.

Amma na'ura abin da aka ba ta take karantawa. In rahoton kamfani kaɗai ke gabanta, kamfanin ne ke ba kansa maki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku leƙa Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, ku ga mai gyara ya sunkuya yana hura wa bayan waya iska mai zafi don gam ya saki, yana lallaɓa gilashi da siririn ƙarfe, ransa a hannu kada ya tsage ya biya daga aljihunsa. Ya san wace waya ce wurin cajinta ke saurin lalacewa, wacce ce ke ƙin karɓar sabon batir. Ɗan jari bola da ke ƙona wayoyin lantarki don ciro tagulla, hayaƙin na shiga huhunsa, ya san kayan da ba sa kwancuwa sai da wuta. Wannan ilimi kaf a ka yake, yana tafiya da masu shi gida kullum da yamma.

Saboda haka, ƙungiyoyin masu gyara, ku buɗe littafi. Kowace waya ta zo, a rubuta samfurinta, shekarunta, abin da ya lalace, an samu kayan gyara ko ba a samu ba, da nawa aka kashe. A Turai masu gyaran sa-kai sun daɗe suna tara irin wannan bayani wuri guda, suna kai shi gaban 'yan majalisa. Ɗaliban kwamfuta na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Abdu Mumuni ta Yamai, ga aikin kammala digiri mai amfani: ku karɓi littattafan nan, ku ɗora su a na'ura, ku aza su gefen rahoton kamfani.

Hukumomin kula da muhalli da ingancin kaya da haƙƙin masu saye kuma, wato NESREA da SON da FCCPC, hanya a buɗe take. A 2021 Faransa ta wajabta liƙa makin sauƙin gyara, daga sifili zuwa 10, a kan waya da kwamfutar cinya. Daga Yunin 2025 Tarayyar Turai ta tilasta wa masu ƙera waya su ajiye kayan gyara har shekara 7 bayan sun daina sayar da samfurin. Me ya sa wayar da za a kawo mana za ta zo ba maki? Muna neman a sa wannan sharaɗi, in kuma na'ura ce za ta ba da makin, a bayyana mana bayanan da aka ba ta da yadda ta fitar da shi.

Ku kuma masu saye, kafin ku ƙirga kuɗi ku tsaya wajen mai gyara ku tambaye shi wacce ce ba ta yawan zuwa teburinsa. Sannan ku tambayi mai shago a gaban jama'a: in batirin nan ya mutu, a ina zan samu wani?