Ɗumin Ƙarya: Makin da Alƙalan Giyar Hunturu Suka Tsallake

Aikina magana ne. Shekaru ke nan ina zama gaban makirufo ina karanta labarai da sanarwa da tallace-tallace, don haka na san yadda ake yi wa kaya kwalliya da kalma har mai saye ya manta da tambayar da ta kamata ya yi. Amma a wannan sana'a na sara wa alƙalan ɗanɗanon giya na Ingila da Amurka, musamman idan hunturu ya kama aka fito da giyar nan ja mai ruwan zuma, wadda suke yi wa kirari da mai ɗumama jiki.

Ni ba mashayi ba ne, kuma ga mafi yawan masu saurarona addini ya riga ya rufe wannan babi. Ba wa'azi na zo yi ba. So nake in tari alƙalan nan a filinsu, da ma'auninsu, in nuna cewa hukuncin da suke yankewa gurgu ne.

Mu fara da ba su haƙƙinsu, don aikin ba na wasa ba ne. Ana jiƙa sha'ir har ya tsiro, a busar da tsiron, a gasa wani kaso nasa har sukarin da ke ciki ya yi ja. Daga nan launin zuman yake fitowa, da zaƙin nan mai kama da alewar madara da ƙamshin gasasshen burodi. Sai a tafasa ruwan tsiron da furen wata kuranga da ake kira hop, don ɗacinsa ya kashe kaifin zaƙin, sannan a zuba yis ya cinye sukari ya mayar da shi barasa da kumfa. Ta hunturu takan fi kauri da ƙarfi. Winter Welcome ta kamfanin Samuel Smith da ke Yorkshire, alal misali, tana da barasa kashi 6 cikin 100, alhali giyar yau da kullum ba ta cika wuce 4 zuwa 5 ba.

Alƙalancin ma yana da tsari. A Ingila ƙungiyar CAMRA, wadda aka kafa a 1971, tana fitar da zakarar giyar hunturu ta Birtaniya. A Amurka kuwa tun 1985 akwai hukumar BJCP mai yi wa alƙalan giya jarrabawa. Takardarta maki 50 ce: ƙamshi 12, kyan gani 3, ɗanɗano 20, yadda take zama a baki 5, sai ra'ayin alƙali gaba ɗaya 10. Alƙali zai ɗaga kofi ya duba launi, ya sunsuna, ya kurɓa, ya haɗiye, don ba kamar masu gwada ruwan inabi ba da ke tofarwa, shi sai ya ji abin da ya rage a maƙogwaro. Idan ya ji ɗaci ya yi wa zaƙi rinjaye ya rage maki, idan ya ji warin tsohon kwali ya san iska ta ɓata ta.

To ga inda gizo yake saƙa. A cikin abubuwan da takardar ta ce alƙali ya lura da su har da ɗumi, kuma a giyar hunturu wannan ɗumin abin yabo ne. Sunanta ma da shi ake sayar da ita. Alhali kowane ɗalibin likita ya san abin da ke faruwa. Barasa tana buɗe ƙananan hanyoyin jini na kusa da fata, jini mai zafi ya kwararo daga ciki zuwa waje, fuska ta yi ɗumi, mutum ya ji kamar an lulluɓa masa bargo. A daidai lokacin nan zafin jikinsa tsiyayewa yake yi cikin iska. Sannan tana rage rawar ɗari, wadda ita ce dabarar jiki ta hura wutarsa, tana kuma dushe hankalin da zai ce wa mutum ya shiga ɗaki. Wanda ya fito daga mashaya cikin dusar ƙanƙara yana jin shi garau, shi ne ya fi kusa da sandarewa. Wato alƙali ya ba da maki ga yaudarar da aka yi wa fatarsa.

Kuma ba nan kaɗai takardar ta yi shiru ba. Tun 1988 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo kansa, rukunin da taba take ciki. A Janairun 2023 hukumar ta ce babu wani adadi na barasa da za a kira marar illa ga lafiya. Rahotonta na 2024 ya danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 da shan barasa. An ware maki uku don launi da kumfa, amma hanta ba ta samu ko ɗaya ba.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce alƙalin ɗanɗano ba likita ba ne, kamar yadda mai gwada kilishi ba ya auna hawan jinin mai ci. Za a ce kuma mai kurɓar kofi ɗaya yana nazari ya fi mai ɗirkar kwalba biyar, kuma al'adar mutane ce mai daɗaɗɗen tarihi. Na yarda da rabin wannan. Sai dai mai gwada kilishi bai taɓa cewa gishiri maganin hawan jini ba ne. Shi kuwa alƙalin giya ya ɗauki illar ita kanta ya kira ta falala. Kuma hukuncinsa ba ya tsayawa a zauren gasa. Lambar zinariya tana hawa jikin kwalba, kalmominsa suna shiga bakin mai talla, mai saye ya ji kamar magani yake saya.

Me ya kai ɗan rediyo daga nan Sahel cikin rigimar Turawa? Kalma ba ta neman biza. Ƴan'uwanmu suna can Turai suna fama da sanyin da ba su saba da shi ba, kuma abokin aiki ne zai miƙo kofi ya ce wannan ce ke korar sanyi. A nan gida ma, idan iskar hunturu ta buso, ba a rasa mai kafa hujja da ɗari yana kurɓar abin da ya fi wannan ƙarfi. Ƙaryar ɗaya ce, can dai an sanya mata riga da lambar yabo.

Ba na neman a rufe gasarsu, ƙasarsu ce da dokarsu. Abin da nake nema shi ne abin da ake nema a wurina kullum kafin in buɗe makirufo: kada in yaba abu da abin da ba ya yi. Su ce tana da zaƙi, gaskiya ne. Su ce tana da ƙamshi da launi, ba musu. Amma su daina cewa tana ɗumama jiki. Mai jin sanyi ya nemi bargo da wuta da kunu mai zafi, su ne ba sa karɓe da hagu abin da suka ba shi da dama.