Kunun Kademi na buƙatar masu tsaya masa

A Kademi, kamar sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi, rumbu ba ya rasa gero da dawa in damina ta yi albarka, tsamiya na tsaye a bakin gonaki, Fulani kuma na kewaye da shanunsu. Duk abin da ake nema don haɗa abin sha mai kyau yana ƙofar gida. Amma a je wurin biki ko suna a duba abin da ake miƙa wa baƙon da ake jin nauyinsa: lemon kwalba ne ko maltina, an jero a tire. Kunun zaƙi da zoɓo an bar wa yara da masu aikin girki. Uwargidan da ta yini tana surfe da jiƙo ita da bakinta za ta ce ba ta da abin ba baƙo sai an aika kanti. Wannan raini yana jawo mana asarar kuɗi da ta lafiya, kuma ina ganin gyaran ba daga ofis zai fara ba. Masu sha ne ya kamata su fara tsayawa a kan cewa sai sahihi za su saya, su kuma yarda su biya kuɗinsa.

An taɓa yin irin wannan tsayuwa a wata ƙasa, kan wani abin sha da mu ba ma kusantarsa. A Birtaniya, wajen ƙarshen shekarun 1960, manyan kamfanoni shida sun mamaye harkar giya, sun saye ƙananan masu dafawa, suna cika mashayun unguwa da giya iri ɗaya wadda aka tace, aka dafe don kada ta canza, aka cusa mata iskar gas. Tsohuwar giyar ganga, wadda ke ƙarasa nuna a ɗakin ƙasa na mashaya kuma take lalacewa cikin 'yan kwanaki in an buɗe ta, ta kama hanyar ɓacewa. A 1971 wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar da aka sani da CAMRA. Sun kafa ta ne a matsayin masu saye, ba masu sana'ar ba. Suka fayyace abin da ya cancanci a kira na gargajiya, suka riƙa buga littafi duk shekara mai nuna mashayun da ke riƙe da sahihin abu, daga baya suka haɗa da giyar tuffa ta yankunan karkara irin su Herefordshire. A 2002 gwamnati ta rage wa ƙananan masu dafawa haraji, sana'ar da aka ɗauka ta mutu kuwa ta farfaɗo.

Na san mai karatu zai ce me ya haɗa mu da mashaya, kuma tambayar tana kan hanya. Giya haramun ce, Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, an kafa Hukumar Hisba bisa doka a 2003, kuma a Nuwamban 2013 an fasa kwalabe kusan 240,000 a bainar jama'a. Burkutun da aka san Maguzawa da dafawa daga dawa wani yanki ne na tarihin ƙasar Hausa, ba mai musun haka, amma ba shi nake kira a raya ba. Abin ɗauka a labarin Birtaniya dabara ce kawai: abin sha na gida, mai saurin lalacewa, wanda ƙananan mutane ke yi, ba ya iya karawa da kamfani a fagen talla, sai in masu shansa sun haɗa kai sun ba shi ƙa'ida da daraja. Mu kuwa namu ma ya fi cancanta, tunda halal ne kuma abinci ne. Addini ya riga ya san abin sha irin wannan. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha ruwansa har zuwa yammacin kwana na uku, bayan nan ba ya ajiye shi. Ma'aunin kenan da kowace mai kunu ta sani a aikace: a sha da sabonsa, in ya kwana ya wuce kima ya fara kumfa da tsami mai hawa kai, a zubar.

Kafin a raina kunun zaƙi ya kamata a san aikin da ke cikinsa. Ana jiƙa gero ko dawa ya kwana, a wanke, a markaɗa da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. Sai a raba ƙullun biyu. Kaso mafi yawa a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, a bar shi ya huce, sannan a zuba ɗanyen kason da aka haɗa da busasshen dankalin Hausa ko tsiron hatsi. Nan gwanintar take. In kunun ya yi zafi da yawa zai kashe ƙarfin tsiron, in ya yi sanyi ba zai motsa ba. Gwana da bayan hannu take aunawa, ta rufe ta bar shi, da safe sai a tarar kaurin ya saki, zaƙi ya fito daga jikin hatsin kansa ko ba a sa sukari ba. Haka fura: gero surfaffe, a daka da kayan yaji, a cura, a dafa, a kirɓa a turmi har ta yi laushi, a mulmula a baɗe da gari. Bafulatana ta dama ta a ƙwarya da nonon da ya kwana ya yi kindirmo, tana murza ta da bayan ludayi har gudajin su watse. Wannan ilimi ne da uwa ke miƙa wa 'ya, kuma gida ya bambanta da gida a ɗanɗano, abin da kwalba ba ta taɓa bayarwa.

Babban abokin gaban wannan sana'a yanzu algus ne, kuma mu masu saye muna da hannu a ciki. Muna son gora cike a farashin shekaru biyar da suka wuce, alhali kwanon gero da na sukari sun ninka. Mai sana'a ba za ta yi asara ba, sai ta nemi hanya. Nono ya koma madarar gari da aka tsinka da ruwa aka ƙara masa garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Zoɓo ya koma ruwan kala da garin ƙamshi na leda. Tsamiyar da ake jiƙawa a tace an maye gurbinta da ɗan tsami na kanti. A watan Maris na 2021 Kano ta ga ƙarshen wannan hanya, lokacin da mutane suka rasu, ɗaruruwa suka kwanta asibiti suna amai da fitsarin jini bayan shan abin sha da aka haɗa da garin da aka sayo a kasuwa. Hukumar NAFDAC ta bayyana cewa wani sinadari mai guba ne aka sayar da sunan ɗan tsami. Masu cewa abin sha na gida ba shi da aminci sukan kafa hujja da wannan musiba, amma a duba da kyau abin da ya yi kisan. Tsamiyar bishiya ba ta kashe kowa ba. Garin da aka shigo da shi don a guje wa wahalarta da kuɗinta shi ya yi ɓarnar.

Abin da ya fi ciwo shi ne waɗanda ke nesa da mu sun san darajar kayanmu. Tun da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na lemon malt suka koma ga dawar Arewa, don haka kwalbar da muke karrama baƙo da ita akwai yiwuwar dawar manominmu ce ta je ta dawo da tsada. Zoɓorodon da ake tarawa a kasuwar Dawanau, mai yawansa daga Jigawa da ke maƙwabtaka da Gaya, ana loda shi a kwantena zuwa Meksiko, inda ruwansa abin sha ne na kowane gida da kowane gidan abinci. A Balensiya ta ƙasar Sifen kunun aya abin alfahari ne, ayar yankin tana da rajista ta musamman da ke kare sunanta, kuma da yake ba ta isar su suna sayo ƙari daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Mu muna sayar da ɗanyen kaya a buhu, wasu na cin ribar sarrafawa.

Akwai ƙorafin tsabta, kuma wannan ba a share shi da baki. Ruwan da ake haɗa zoɓo da shi wani lokaci daga rijiyar da ba a rufe ba yake, gorar roba kuwa sau da yawa tsintuwa ce daga wurin biki ko tasha, a ɗauraye sama-sama a cika. A ƙasar da amai da gudawa ke dawowa da damina, uwar da ta zaɓa wa ɗanta kwalba rufaffiya ba wauta ta yi ba. Sai dai maganin wannan sananne ne kuma mai araha: a tafasa ruwa, a sayi sabuwar gora ko mai saye ya zo da kofinsa, a sayar a ranar da aka yi. Ita ma kwalbar ba tsira ba ce, tunda yawan sukarinta ne ya sa gwamnatin tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, ga ciwon sukari na ƙaruwa har a karkara. Mai cewa talaka arha yake bi shi ma yana da gaskiya rabi. Mutumin da ke iya fitar da kuɗin lemon kwalba ranar kasuwa yana iya biyan kofin kunu sahihi, wanda zai riƙe masa ciki har la'asar.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne talla. Yawancin wannan ciniki matan aure ke yi daga cikin gida, 'yan mata ƙanana ke yawo da shi a ka lokacin da ya kamata suna aji. Duk wanda ke son sana'ar ta bunƙasa dole ya amsa wannan, in ba haka ba ƙaruwar ciniki ƙaruwar yaran da ba sa makaranta ce. A nan ne tsarin wuri tsayayye ke da amfani. Mun riga mun saba da teburin mai shayi, inda ake zama a yi hira a saurari labarai, amma ganyen shayinsa da madararsa ta gwangwani yawanci daga nesa suke. Babu abin da ya hana a samu rumfar kunu da fura irin wannan a kasuwar Kademi da tashoshin Gaya da Ajingi, babba ne ke tsaron ta, gidaje biyar ko goma na kawo mata kaya da safe, an san wannan kunun na gidan wance ne, wancan nonon na rugar wane ne. In an san mai abu, algus na wahala, domin sunan gida ne zai ɓaci.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin gari ba. Masu sana'ar su yi ƙungiya, su amince da ƙa'ida gajera da kowa zai riƙe: tafasasshen ruwa, ba ɗan tsami, ba kala, ba tsintacciyar gora, wadda ta haɗa da madarar gari ta faɗa a fili ta rage farashi. Sarkin kasuwa ya ware wuri, duba-garin ƙaramar hukuma ya riƙa leƙawa don koyarwa da dubawa ba don karɓar na goro ba, ardo ya shigo da matan ruga cikin tsarin. Firji ɗaya mai aiki da hasken rana, wanda ƙungiya za ta iya saya da adashi, ya isa ya raba nono da asarar zafin bazara. Masu hali kuma, waɗanda ake kallon abin da suke yi a kwaikwaya, su fara daga bukukuwansu: a ba matan unguwa odar kunun aya da zoɓo da kunun tsamiya kwana biyu kafin taro, a biya su rabin kuɗi tun farko, a kai wa manyan baƙi a kofi mai kyau.