Tsohuwar kaza ma tana da hakki

Yara, kusan kowane gida a ƙasarmu akwai kaza. Tana ba mu ƙwai, tana ƙyanƙyashe mana ƴan tsaki. Amma ran da ta daina ƙwai, sai a manta da ita. A ganina wannan butulci ne.

Kaza tana fara ƙwai tana da wata 5 ko 6. Bayan shekara 2 ko 3 ƙwanta sai ya riƙa raguwa, alhali in ta samu kulawa tana iya kai shekara 7 ko 8 a duniya. A Ingila, manyan gidajen gona suna fid da kajinsu tun suna da shekara ɗaya da rabi. Wasu mutane sukan karɓe su, su kai gida su riƙe har tsufa, kamar yadda ake riƙon kyanwa.

Mu a nan muna cewa sabo da kaza ba ya hana yanka. Gaskiya ne, kuma yanka ba laifi ba ne. Laifi shi ne a bar ta ta wahala.

Kazar da ta tsufa tana bukatar tsaki da dussa, da ruwa mai tsabta a inuwa. A share akurki, a zuba mata toka ta yi birgima don ƙwarƙwata. A yi wa kajin gida duka rigakafin annobar da ake kira Nukasal kafin hunturu, don in ta shigo ba ta da magani.

In kaza ta takure, ta ƙi ci, a ware ta, a kira likitan dabbobi. Kada a kai ta kasuwa don a rabu da ita, domin haka cuta ke shiga wasu garuruwa. A 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya, kuma cutar tana iya kama mutum.

In ta karye ko tsufa ya kayar da ita, babba ya yanka ta da wuƙa mai kaifi, ba jinkiri. Wadda cuta ta kashe, kada a ci, kada a jefa ta juji. A haƙa rami mai zurfi a rufe ta, a wanke hannu da sabulu.

Wadda ta ciyar da mu tana da ƙarfi, kada mu wulaƙanta ta don ƙarfinta ya ƙare.